Allurata ce ta fito da Anti Saratu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yanzu da safen nan aka kira ni: 'yan bindiga sun kashe Anti Saratu a hanyar Kaura zuwa Kurya Madaro.

Sun tare mashin ɗin da ya ɗauko ta, suka harbe mai kabu-kabun a ka. Ita kuma ta ɗaga jakarta tana cewa magani ne, suka ɗirka mata harsashi biyu a ƙirji. Kwalaben allura duk sun tarwatse cikin jininta. Allah Ya isa! Wallahi Allah Ya isa!

Ga wanda bai san ta ba, nas ce mai kula da tazarar haihuwa. Haihuwata ta bakwai na zubar da jini har aka fara yi mani kalmar shahada. Likita ya ce in na sake ɗaukar ciki, sai dai wata ba ni ba. Anti ce ta zaunar da ni da maigidana, ta baje mana komai a kan tabarma. Ƙwaya kullum ake sha, ni kuwa mantuwa gare ni. Allura sai an sake duk wata uku. Ashanar fata, wadda ake sakawa a dantse, ita ke yin shekaru.

Da hanya ta lalace da 'yan bindiga, ta roƙe mu mu koma ashana. Mata da yawa suka yarda. Ni na ƙi, wai na ji ana cewa tana yawo a jiki har ta kai zuciya.

Zuwanta na ƙarshe ta ja kunnena tana dariya. "Ke Hassi, mi kika tsoro? Ga tawa nan, taɓa ki ji, ba ta zuwa ko'ina. Hanyar ga ba ta da tabbas duk wata ukku."

Na ce, "Anti, a dai yi mani allurata."

Ta yi. Ba ta ko ɓata rai ba.

Mu huɗu muka rage masu taurin kai a unguwarmu. Yau ce ranar allurarmu, mu ta fito yi wa.

Tun ɗazu nake kuka, kunyar 'ya'yanta nake ji. In an yi sadakar uku zan shiga Kaura a saka mani ashanar, ta wannan hanyar dai da ta bi.

Ya Allah Ka jiƙan Anti Saratu da bawanKa da ya ɗauko ta, Ka karɓi shahadarsu, Ka raya abin da suka bari. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masu addu'a. Ni ma ku roƙa mani gafara.