Wayar Jin Rasuwar Maƙwabta

Mai shagon waya yana kallon tsohuwar da ke tsaye gaban gilashinsa. Mayafinta ya koɗe amma ya sha guga. Ba ta ko ɗaga kai ga wayoyi masu tsada ba, idonta na can ƙasa inda masu araha suke. Ya miƙa mata ɗaya, ta karɓa da hannu biyu kamar an ba ta jinjiri.

"Ɗan nan, wannan tana shiga guruf?"

"Tana shiga, Mama. Na jikoki ne?"

Ta girgiza kai. "Na rukunin gidajenmu. Maƙwabciyata ta rasu, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Sai da aka kai ta sannan na ji. Da na yi ƙorafi, aka ce ai an sa a guruf."

Bai san ta ba, amma ya san irinta. Ita ce a da ake buga wa ƙofa in naƙuda ta tashi, ita ake bar wa mukulli da yara. Yanzu kowa ya ja ƙyauren ƙarfe, suna da biki da rasuwa duk sun koma cikin waya. Da wuya in tana karatu, don a juye ta riƙe wayar.

Ya kunna mata. "Sai wani na ciki ya saka ki, Mama. Ba ni lambar maƙwabci ɗaya."

Ta daɗe tana kallon hasken.

"Ba ni da lambar kowa, ɗan nan. Ƙofofinsu kawai na sani."