Agogon hitar Mama da aikin otal ɗin da ya wuce ni

Wasu shekaru can baya, yayan matata da ke zaune a Turai ya gina wa mahaifiyarsu gida a Manchok. Ni na yi wayarin ɗin gidan, don aikina ke nan a Kafanchan tun da na bar makaranta a aji uku. Ya sa sola mai manyan batura, wuta ba ta ɗaukewa a gidan ko NEPA ta yi fushi.

Da aka gama sai ya aiko da wani ɗan inji a kwali, girmansa bai wuce kwakwa ba, da wani agogo mai juyawa kamar faifai. Ya kira ni ya yi bayani. Hitar ruwa tana can wajen kicin, banɗakin Mama yana ƙarshen gida, to injin zai riƙa zagaya ruwan zafi a cikin bututu, yadda da ta buɗe famfo za ta samu zafi nan take. Agogon kuma shi zai tada injin da asuba. Mama tana fama da sanyin ƙashi, kuma ba ta fashin addu'ar safe a coci.

"Suruki, in ka yi wannan da kyau, wayarin otal ɗin da nake ginawa a Kafanchan naka ne," in ji shi.

Otal fa. Ni da na saba gyara fanka da soket ɗin da ɓera ya ci.

Mai aikin famfo ya haɗa bututu, ni na ja waya. Na ɗauko wa agogo da injin wuta daga makunnin hita, wanda na sa a bakin ƙofar banɗakin Mama kamar yadda ake yi a kowane gida. Na saita lokaci, na gwada, ruwa ya fito da tururi. Na koma gida ina jin kaina.

Ba a yi nisa ba Mama ta aiko a kira ni.

"Ɗana, wannan abin naku bai aiki. Ruwan sanyi ne yana fitowa."

"Mama, in kika bari ya ɗan zuba ai zafin zai iso."

"In zubar da ruwa a ƙasa? Ka san nisan rafin da na girma ina ɗebowa?"

Tana tare na sanyin a bokiti, kafin na zafin ya iso bokiti ya kusa cika, sai ta yi wanka da abin da bai kai ɗumi ba. Na kunna makunni, na duba agogo. Rana tana tsaka, shi yana nuna ko gari bai gama wayewa ba. Na gyara shi, na gwada, komai lafiya.

Haka na riƙa hawan mashin tsakanin Kafanchan da Manchok. Kullum na je agogon yana baya, kuma lattin yau daban da na jiya. Da gidan NEPA ne sai in ce ɗauke wuta ne, to ga sola. Na auna waya, lafiya. Na canza fiyus ɗin da bai ƙone ba. Na ce ko agogon na ƙasarsu ne bai saba da wutarmu ba, na sayo wani a Kaduna, shi ma ya koyi halin. Har salatif na liƙe shi da shi, don na fara zargin hannun mutum.

"Mama, akwai mai taɓa agogon nan?"

"Ni? Ko kallonshi ba na yi. Abin da ke juya shi kaɗai?"

Wata ƙawarta ta zumuntar mata ta ce a kira Fasto ya yi addu'a a kan hitar. Na yi dariya a fili, amma a hanyar gida na yi tunanin ko a kira shi ɗin.

Yayan matata ya gaji. "Suruki, ba faɗa ba ne, amma ƙafar Mama ba ta jira." Ya turo wani daga Abuja mai farar mota da riga mai suna a ƙirji. Mutumin bai tambayi kowa komai ba. Ya ce aikina ba tsabta, ya cire agogon ya mayar da shi kusa da hita, ya ba shi wuta daga soket ɗin kicin don nan ne kusa. Shi ke nan. Washegari ruwa ya fito da zafi, bai sake kuskure ba. Aka ba shi otal. Na tambaye shi me ya gano, ya ce gwaninta ce. Na tabbata shi ma bai sani ba.

Wata da watanni ina kwana da abin a kai. Waya iri ɗaya, agogo ɗaya, wuta ɗaya.

Sai da Kirsimeti muka je Manchok da yara. Da safe Mama ta ce in yi wanka a banɗakinta. Na ɗauki tawul, na isa ƙofa, hannuna ya tafi da kansa ya kashe makunnin hita, kamar yadda yake yi tun ranar da na ga hita ta ja wani mutum a banɗaki. Daga falo na ji muryarta.

"Ɗana, ka kashe wutan kafin ka shiga fa! Kai ka koya mini, ban taɓa mantawa ba."

Na tsaya da tawul a wuya. Tana kunnawa in ta farka, ta kashe kafin wanka, ta bar shi a kashe har gobe. Agogona kuwa a wannan makunni yake shan wuta. Ni kuma duk zuwan da na yi, abu na farko da nake yi shi ne in kunna, ban taɓa tambayar kaina me ya sa na same shi a kashe ba. A kashe ya kamata ya kasance ai.

Ban gaya wa kowa ba, gaya wa wa? Yanzu in zan haɗa wani abu a gida, kafin in taɓa waya sai na tambayi masu gidan abin da suke kashewa da lokacin da suke kashe shi. Otal ɗin yana nan a hanyar da nake bi kullum, fitilunsa ɗaya ta fi ɗaya karkata. Mama kuwa har gobe tana gaya wa matan coci cewa surukinta ne ya hana wuta ta kashe ta.