Ranar da na ƙi karɓar shayin mai gida

Shekarun baya, lokacin ina kula da ginin wani gida mai hawa biyu a unguwar Sukra da ke garin Sabha na ƙasar Libiya, shayi ne ya kusa kayar da ni.

Aikina shi ne tsayawa tsakanin mai gidan, wani dattijo ɗan Libiya, da magina da leburori, yawancinsu 'yan Nijar. Siminti ya makara, ni za a nema. Bulo ya karkace, ni za a kira. A garin nan kuwa ba a sasanta magana sai an zauna an sha shayi mai ƙarfi da kumfa a kai. In sha da mai kawo rodi, in sha da magina, da rana dattijon ya iso da butarsa ya dafa da hannunsa. Abinci kuwa sai in na tuna. Har alfahari nake cewa ni ba na gajiya.

Ana shirin zuba kankaren hawa na biyu, na ɗauki tef zan yi awo, hannuna ya kama rawa, ƙirjina na bugawa da ƙarfi. Babban magininmu, wanda ke kirana Shef, wato shugaba, ya dube ni ya ce, "Shef, tef ɗin ne ke rawa ko kai?" Aka yi dariya, ni ma na yi, amma washegari na je asibiti.

Likita ya ce jinina ya hau sosai. Ya rubuta magani, ya ce in bar shayin nan, in riƙa cin abinci, in rage ɗaukar komai a kaina.

Magani ba wuya. Damuwata ita ce dattijon. Mutum ne mai saurin fushi, na taɓa ganin ya sallami mai fenti saboda ya amsa gaisuwarsa a tsaye yana kallon bango. In na mayar masa da kofinsa, ina ganin aikina ya tafi.

Da na koma aiki ya miƙo mini shayi, sai na ɗora hannu a ƙirji na ce, "Ya Haj, ka gafarce ni. Likita ya hana ni, jinina ya hau."

Ya ajiye kofin. Can ya sa hannu a aljihu ya zaro kwalin magani, iri ɗaya da nawa.

"Ni ma an daɗe da hana ni," in ji shi. "Saboda kai nake dafawa. Na ga kana shanyewa tas, na ce baƙo ne, kunya ce in bar shi haka."

Daga ranar ruwan zafi da na'ana'a muka koma sha. Na kuma raba aiki: babban magini ya riƙe awo, wani ya riƙe karɓar kaya. Gini bai tsaya ba.

Har yau ina kula da gine-gine, jinina kuma ya daidaita. Duk wanda zan yi wa aiki, tun zaman farko nake gaya masa abin da jikina zai iya da wanda ba zai iya ba. Ba a taɓa korata a kan haka ba.