Kabewar Malam Badamasi

Shekara talatin Malam Badamasi ya yi yana buga hatimi a wani ofis a Douala, da Faransancinsa da takalminsa mai sheƙi. Da ya ajiye aiki sai ya koma ɗaura wa furanni aure. Duk unguwar New Bell an san shi da wannan.

Mafarin abin kabewa ce. Mahaifiyarsa ta zo da irin daga arewa, mai zaƙi, mai jan ciki, wadda ko a kasuwar Sandaga ba a samunta. Bayan rasuwarta danshin garin nan ya ruɓar da irin, saura ƙwaya uku. Ya shuka a tsohuwar taya bayan ɗaki, ɗaya ta tsiro. In ta bushe ba ta yi ɗiya ba, irin ya ƙare ke nan.

To ina ƙudan zuma a unguwar da kowane gida ke fesa maganin sauro? Dole shi ya yi aikinsu. Kullum daga sallar asuba sai gindin kabewa, tabarau a karan hanci. Macen fure ita ce mai ɗan kumburi a gindi. Sai a tsinko namiji a goga mata garin nan rawaya na cikinsa kafin hantsi, don in ta tsuke ba ta sake buɗewa. Mata biyu ruwan sama ya kakkaɓe masa. Mutum ya rame kamar mai jinya.

Ranar da ta uku ta buɗe, ya duba sama da ƙasa, ba namiji ko ɗaya. Matarsa Hadija ta riga shi. Ita a ganinta furen da ba ya haihuwa amfaninsa miya.

"Hajiya, ina furannina?"

"Waɗannan 'yan zaman banzan? Suna kwano, Malam."

Dattijo ya ruga ɗakin girki, ya tarar har ta zuba ruwa. Ya yi ta tsamo su, duk sun jiƙe, sai guda da ya maƙale a bakin kwanon. Da shi ya yi aikin, ya ɗaure bakin macen da zare.

Kwana huɗu abinci bai wuce masa ba. Ran na biyar kumburin ya kai ƙwan kaza.

Da kabewar ta nuna, ya shanya irin a faranti, ya raba wa gida biyar har unguwar Nkololoun. Ku ce ya huta? Yanzu gida biyar yake zagayawa da sassafe, masu gidajen har sun fara yin kamar ba su ji sallama ba.