Fantekar Inna a Bakin Iyaka

Akwai ranar da ko zan manta da komai ba zan manta da ita ba, ranar da motarmu ta tsaya a iyakar Jibiya muna kan hanyar Maraɗi. Sunan jikar ƙanwata za mu je, ni da babbar 'yata. Gaskiya ba da son raina na fito ba. Shekara huɗu ke nan ni da ƙanwar tawa gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma a daddafe.

Dalilin kuwa fanteka ce. Innarmu tana da wata babbar fanteka mai zanen jajayen furanni, tun ta aurenta. Da Allah ya yi mata rasuwa aka zo rabon kaya, aka neme ta sama da ƙasa babu. Ƙanwata ce ta yi jinyarta, sai zuciyata ta ba ni ita ta ɗauke. Ban yi faɗa ba, ba halina ba ne. Na dai ce mata, "Da kin tambaya ai da na bar miki." Ta dube ni kawai. Yanzu na san maganar nan ta fi zagi ciwo.

Direba ya tafi da takardu, muka sauko shan iska. Ni kuwa ina da son kallon tsofaffin kaya idan na fita. Mai shayi ya ɗora katako a kan ƙafafun tsohon keken ɗinki ya yi tebur. Wani ya tokare ƙofar shagonsa da dutsen guga na gawayi. Ina nuna wa 'yata, tana dariya tana cewa, "Mama, da namiji ce ke da gwangwan za ki saya."

Sai idona ya kai kan wata mai dambu a gindin dalbejiya. Ta kife madambacinta a rana yana bushewa. Fanteka ce aka huhhuda gindinta da ƙusa, furanninta duk sun koɗe. A ƙarƙashin bakinta akwai ɗigo uku na koren fenti da ɗan layi a ƙasansu. Matan garinmu Daddara kowace tana da alamar da take yi wa kwanukanta don kada su ɓace a gidan biki. Inna ba ta iya rubutu ba, wannan ne sa hannunta. Sai na tsuguna a gaban fantekar.

"Hajiya, dambun za a zuba ko madambacin kike ciniki?" in ji matar.

"Baiwar Allah, don Allah ina kika samo wannan?"

Ta goge hannunta da gefen zane. "Wagga? Wata tsohuwa ce daga Daddara ta ba ni. Lokacin da maigidana ya rasu ya bar ni da yara, a faranti nake talla. Tana zuwa asibiti ta biyo ta nan ta sayi dambu. Rannan sai ga ta da ita ƙunshe cikin zane, ta ce in riƙe sana'a, kada kuma in gaya wa kowa. Na yi ta zuba dambu a ciki har gindinta ya ɓule, shi ne na ce to, ki koma kan tukunya. Ko sunanta ban sani ba."

"Mahaifiyata ce. Ta rasu."

Matar ta yi salati, ta yi mata addu'a mai tsawo, sannan ta miƙo mini fantekar da hannu biyu. Na taɓa ɗigon nan uku da yatsana, na mayar mata. Inda Inna ta ajiye abinta, ni wace ce da zan ɗauke? Matar ta cika mana leda da dambu, ta rantse ba za ta karɓi ko sisi ba.

Da muka isa Maraɗi ban ko ajiye mayafi ba na ja ƙanwata ɗaki na gaya mata komai, na nemi gafararta. Sai ta ce, "Yaya, ni ma fa na ɗauka ke kika ɗauke, kika riga ni magana." Muka yi kuka, muka yi dariya, muka ci dambun nan a kwano ɗaya. Kwana biyu na yi niyya, sai da na yi tara.

Tun daga ranar, in abu ya ɓace mini nakan riƙe bakina, in riƙe zuciyata. Zato ya ci mana shekara huɗu ni da 'yar'uwata, alhali abin da muke zargin juna a kansa yana can bakin hanya yana ciyar da marayu.