Ranar da Mai Aski Bai Sha Maganinsa Ba

An wayi gari da yayyafi mai sanyi, irin wanda ba ya ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa, ranar da Mai Aski ya tafi asibiti bai sha maganinsa ba.

Mutum ne da ya tsufa da kujera ɗaya da madubi ɗaya, a wani ɗan shago kusa da tashar mota. Da hannunsa na dama ya fara karkarwa, wani ƙaramin likita da ke aski a wurinsa ne ya lura, ya kai shi sashen ƙwaƙwalwa da jijiyoyi inda yake koyon aiki. Aka ɗora shi a kan ƙwayoyi. In ya sha da safe hannun kan lafa har ya riƙe aska, ba wanda ya gane a layin. Abin da yake ɓoyewa ke nan, don ba mai miƙa wuyansa ga hannu mai rawa.

Wata rana ƙaramin likitan ya zo da roƙo.

"Baba, babbanmu zai koyar da ɗalibai gobe. Ka daure kada ka sha maganin, don ciwon ya fito sosai su gani."

"Wato ɗanyensa kuke so," in ji Mai Aski. Ya yi dariya ya amsa, don yana jin nauyin likitan.

Washegari da safe matarsa ce ta ɓalla masa maɓallan riga. "Malam, yanzu sai an ƙara ciwo ake zuwa asibiti?" Ya fita cikin yayyafin ya nufi asibiti.

Ɗakin koyarwar cike yake da fararen riguna, fanka na ta juyi duk da sanyin. Aka cire masa riga aka rataye a bayan ƙofa. Babban likita ya kama hannunsa yana murzawa kamar mai buɗe famfo, sannan ya miƙa wa na kusa da shi. Haka hannun ya yi ta zagaya ɗakin. Aka ƙwanƙwasa masa gwiwa da 'yar gudumar roba, wani ya karce masa tafin ƙafa da makullin mota. Tashi, Baba. Zauna. Je ka dawo. Taɓa hancinka. Duk ya yi, don dai yara su koya.

Sai ya ji yawu yana gangaro masa ta gefen baki, abin da bai taɓa bari ko matarsa ta gani ba. Ya nuna rigarsa.

"Likita, hankicina yana aljihu."

"Bar shi, Baba, yana cikin darasin," in ji babban likitan. Ya juya masa haɓa wajen haske, ɗalibai suka matso suna rubutu. Yawun ya sauka a ƙirjinsa. Mai Aski ya nemi idon ƙaramin likitan, shi kuwa yana ta duba wayarsa.

Bayan makonni ƙaramin likitan ya sake leƙowa shagon. Tun daga ƙofa Mai Aski ya ga kan likitan da sabon aski, aikin wani hannu, ƙeyar ma a karkace.

"Baba, sun ji daɗinka sosai. Jarrabawa ta zo, babbanmu ya ce kai yake so."

"Wa ya yi maka wannan ɓarnar a ƙeya?"

Likitan ya shafa wurin. "Sauri nake yi rannan."

"To. Zauna in daidaita maka."

Likitan ya dubi askar, ya dubi hannun, ya ce ana jiransa. Mai Aski ya gyaɗa kai.

"Ɗana, ka gaida babbanku. Ka ce masa na sha magani, gobe ma zan sha."

Yana nan a shagonsa har yanzu. Da safe kawai yake aiki, yana rufewa kafin hannun ya motsa. Maganinsa kuma, tunda ba likitan da zai tsaya masa, yana bin layi ya karɓa kamar kowa.