Na Je Washington Tarbo 'Yar da Na Ba Yayata

Tun kafin a yi zancen jirgi, abu ɗaya ke hana ni sakat: in wata rana aka tsayar da ni gaban yarinyar nan, za ta san ni kuwa? Ita ce ta farina. A nan Greensboro na haife ta. Ina yaye ta Inna ta bugo waya daga Maradi ta ce in ba yayata Hadiza, tunda Allah bai ba ta haihuwa ba. Ban ce uffan ba, ai ba a cewa. Yaya ta zo ta tafi da ita Ingila tana shekara biyu, yanzu shekararta bakwai. A waya Anti take ce mini. Ni kuma "ke" nake ce mata, ko "'yar Yaya", don sunanta ba ya fita a bakina: 'yar fari ce, ga shi sunan uwar mijina ta ci.

Ga abin da ya tayar da tafiyar. Yaya da mijinta takardun Beljiyam gare su, da su suke zaune a Ingila, don ƙasashen suna cikin tarayya ɗaya. Sai Ingila ta ce za ta fita, fitar kuma ta gagara. 'Yan majalisarsu sun kaɗa ƙuri'a kan yarjejeniyar fita sun ƙi, sun sake taruwa sun sake ƙi. Ba su yarda a fita da ita ba, ba su yarda a fita babu ita ba, ba su kuma ce a fasa ba. Lauya ya gaya wa Yaya cewa nata da na mijinta da sauƙi, amma riƙo irin namu ba shi da takarda, in aka fita ba shiri bai san matsayin yarinyar ba. Sai Yaya ta yanke shawara: ran Juma'a za su kaɗa ta uku. In ta wuce, an fasa tafiya. In ba ta wuce ba, Asabar da safe za ta sa ta a jirgi, in riƙe mata ita zuwa a ga abin da hali ya yi. Haka ta faɗa, in riƙe mata.

Mijin Yaya ne ya sayi tikiti zuwa Washington. Wai ya duba taswira ya ga faɗin yatsa ɗaya ne tsakaninmu.

Juma'a: Greensboro zuwa Danville

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba Alhaji Sani, wan mijina, ya tsaya ƙofar gidanmu a unguwar Glenwood. Sana'arsa kai tsofaffin motoci tashar ruwa ta Baltimore, a loda su zuwa Kwatano, ranar kuwa motoci biyu ya ɗauro a tirela. Maigidana ba su ba shi hutun ranar ba a wurin aiki. Shi ya ɗaure kujerar Abdu, jaririna mai wata takwas, ya ja maɗaurin sau uku, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Anti Rifkatu maƙwabciyata, 'yar Kafanchan mai aikin kula da tsofaffi, ita ta rako ni saboda Turancina na kanti ne kawai.

Tana leƙa tirelar ta ce, "Alhaji, waɗannan za su kai Kwatano kuwa, ko a teku za su ƙarasa cikawa?"

Ya ce, "Madam, bari ki gan su a Maradi bayan wata uku. Sai kin yi musu sallama."

Muka kama hanya mai lamba ashirin da tara, muka yi arewa. Mil arba'in da biyar zuwa Danville, awa ɗaya cif saboda nauyin tirela. A gidan mai muka yi sallar asuba, ni a gefen mota kan ɗankwali, sanyi na shiga ƙafa. Na ɗaga hannu na rasa abin da zan roƙa. In suka ƙi, hankalin Yaya ya tashi, ita da ta goye ni ina ƙarama. In suka yarda, in juyo gida da kujerar baya babu kowa. Na ce Allah ya zaɓa mafi alheri. Amma Shi ya ji abin da zuciyata ta faɗa a ƙasa.

Lynchburg

Takwas saura minti goma muka shiga. Na buɗe kula, dambu da zogale na yi tun jiya, ga shayi a fulas. Muna fita gari ɗan sanda ya kunna mana fitila. Na danne jakar takarduna da hannu biyu, alhali komai nawa daidai yake. Ashe bakin igiya ɗaya ne ke reto a bayan tirela. Ya tsaya har Alhaji ya ɗaure, ya leƙo ya yi wa Abdu wasa da yatsa, ya ce mu sauka lafiya. Minti goma sha biyu muka ɓata, na duba agogo.

Charlottesville zuwa Culpeper

Tara da rabi muka ratsa Charlottesville. Duwatsu shuɗi-shuɗi a hagu, itatuwa sun yi fure fari da ruwan hoda ba ganye ko ɗaya, dawaki a bayan shinge an rufa musu bargo. Na ga duk wannan, amma idona rabi yana kan wayar Anti, don can Landan rana ta yi nisa, 'yan majalisa sun shiga zaurensu tun ɗazu. Ta nuna mini hoton: kujeru kore, mutane a matse kamar 'yan motar kasuwa, kowa na ihu.

Na ce, "Alhaji, don Allah ku fahimtar da ni. Su suka ce za su fita, me ya hana su?"

Ya ce, "Uwar Abdu, kin san yaro in ya ce zai fita gandu? Ya ce a ware masa gonarsa, an ware. Ya zo bakin ƙofa ya ce amma makullin rumbu yana wurinsa. Dattijo ya ce a'a. To ga shi nan tsaye, bai shiga ba bai fita ba."

Anti ta ce, "Ba yaro ɗaya ba ne, Alhaji, gida ne guda. Wannan na jan tabarma waje, wancan na mayar da ita ciki."

"To su yaga ta su huta mana."

"Kai da ba ɗanka ke kwance a kai ba."

Sha ɗaya saura kwata, mun kusa Culpeper, Anti ta kai waya kusa da ido ta ce, "An ƙirga. Sun sake ƙi."

Ban san lokacin da na ce "Alhamdu lillahi!" ba, da ƙarfi har Abdu ya firgita. Alhaji ya dube ni ta madubi, ya mayar da ido kan hanya, can ya ce a hankali, "Yayarki fa ta yi wata uku ba ta runtsa ba." Na ja mayafi na rufe fuska. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ba a yi minti biyar ba Yaya ta kira. "Ramatu, kin ji ko? Na haɗa mata kaya. Ki saurare ni. Ba ta cin yaji. Tana tsoron kare. In za ki tsefe mata kai ki fara ta ƙeya, gaban yana mata zafi." Ta yi ta lissafi, ina cewa to, to. Ko ɗaya a ciki ban sani ba.

Manassas

Sha biyu da 'yan mintoci Alhaji ya sauke mu gidan Hajiya Fati, Bahaushiyar Kumasi, matar abokinsa, shi ya wuce masallaci daga nan sai Baltimore. Hajiya ta ba mu ɗakin 'yarta da ke jami'a. Ta kawo wake da shinkafa irin nasu mai ja, da baƙin yajin nan, da ƙwai. Da ta ji abin da ya kawo ni ta ajiye cokali.

"Nima na ba wana ɗa. Yana da gemu yanzu. Da salla yana kira, ya ce Hajiya ina wuni, in ce lafiya, sai mu yi shiru mu biyu har kati ya ƙare." Ta tura mini kwano. "Ci, 'yata. Mai shayarwa ba ta azumin tunani."

Na ci loma huɗu.

Asabar: filin jirgi

Alhaji ya dawo ba tirela, ƙarfe ɗaya muka fita, rabin awa ta kai mu. Allo ya nuna jirgi ya sauka uku saura. Muka tsaya bakin ƙofar fitowa awa ɗaya da minti ashirin. Sai ga wata ma'aikaciyar jirgi, baƙar fata mai gajeren gashi, riƙe da hannun yarinya doguwa siririya, an rataya mata jakar takardu a wuya. Goshin mahaifinta ne sak.

Ku da ke gida kun san abin da na yi, don shi kowaccenku za ta yi. Wan mijina na tsaye, 'yar fari na tahowa. Na kawar da kai gefe, na shiga gyara wa Abdu hula. Anti ce ta ruga ta rungume ta.

Matar ta karɓi katina ta haɗa da takardar hannunta, inda mijin Yaya ya rubuta mai karɓa uwa ce. Ta dube ni, ta dubi Anti, ta durƙusa ta nuna ni ta tambayi yarinyar da Turanci, wace ce wannan? Wannan kam na ji shi ba tafinta. Yarinyar ta ce, "Antina ce. Mamata tana gida."

Matar ta miƙe, ta mayar da yarinyar bayanta. Fuskarta ta canza. Anti ta shiga bayani, matar ta ɗaga mata hannu ta ce da ni take. Na miƙa takardar haihuwa ta asibitin Greensboro. Ta riƙe ba ta buɗe ba, ta ce in faɗi cikakken sunan yarinyar da bakina.

Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Shekara bakwai ban taɓa faɗarsa ba, ko ni kaɗai a ɗaki. Kuma sunan mahaifiyar mutumin da ke tsaye kusa da ni ne. Matar na kallona, uwar da ba ta rungumi 'yarta ba, ba ta dube ta ba, ba ta san sunanta ba. Na ga hannunta ya tafi kan 'yar rediyon da ke ƙugunta.

Anti ta matse mini dantse. "Ramatu, nan ba Maradi ba ce. In ta kira manya, yarinyar nan ba za ta kwana a hannunki ba. Faɗi!"

Sai Alhaji ya yi gyaran murya ya laluba aljihu. "Kai, kamar ban kulle mota ba. Bari in duba." Na ga ya kulle ta, har sau biyu ya danna. Ya tafi bai waiwayo ba.

Na faɗa. Sunanta, da na ubanta, da ranar da na haife ta, har da cewa ruwa ake yi ranar, wanda ba a tambaye ni ba. Muryata kamar ta wata. Ba zan rubuta shi nan ba, sau ɗayan ya isa. Matar ta buɗe takarda ta duba, ta sa aka kira Yaya a waya ta ji daga bakinta, sannan ta ba ni biro na sa hannu. Da za ta tafi ta ce wani abu, Anti ta fassara: wai in rungumi yarinyar mana, ta yi awa takwas a sama. Na sa hannu ɗaya a kafaɗarta. Ƙashi ne kawai. Ta tsaya ƙiƙam, ba ta matso ba, ba ta kuma ja baya ba.

Lahadi: komowa

Bakwai na safe muka bar gidan Hajiya, ta cika mana kula. Anti ta ce ta rasa coci saboda ni, sai na biya ta da dambu kwano uku. Yarinyar na baya tsakanina da Abdu, ta ba shi yatsa ya riƙe. Hausarta tsinto-tsinto ce. Wajen Lynchburg ta tambaye ni, "Anti, yaushe zan koma gida?" Na ce sai mutanen majalisa sun shirya. Ta ce, "Ba sa shiryawa. Mama ta ce kullum faɗa suke." Alhaji ya yi dariya, ni ban yi ba.

Muna wuce Danville Yaya ta kira. Suka daɗe suna magana da Turanci, yarinyar na share ido da bayan hannu. Sannan ta ce a ba ni. "An ƙara musu 'yan kwanaki, Ramatu. Da zarar sun daidaita ki sa mini ita a jirgi, kar makaranta ta wuce ta." Na ce to. Bakina ya saba.

Ɗaya da kwata muka tsaya a Glenwood, maigida na bakin ƙofa tun sha biyu. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Alhaji Sani saboda hanya da kuma motar da ya je dubawa, da Anti Rifkatu, da Hajiya Fati da ba ta san ni ba ta ba ni gado.

Yau kwananta tara a gidan. Na tsefe mata kai, ta ƙeya na fara. Can Landan har yanzu ba su shirya ba, kullum da safe sai na tambayi Anti. Wata rana za su shirya, Yaya za ta kira, kuma na san wannan karon ba zan iya cewa to ba. Ba na son in rasa 'yata, ba na son in rasa yayata. Don Allah, in a cikinku akwai wadda ta taɓa karɓar ɗanta daga hannun riƙo zumunci bai ɓaci ba, ta aiko ta gaya mini da wace magana ta fara.